Game da karnuka da kyanwoyin da ba su da masu su a Maradi

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa Turawan da ke aiki a Maradi suke ɗaukar karnukan titi su ciyar, mutanenmu kuwa sai kora da jifa. A ganina, tsoron ciwon haukan kare ne babban dalili, domin karen da ke yawo a juji ko bakin mahauta ba a yi masa allurar rigakafi ba, kuma cutar idan ta bayyana a jikin mutum, kusan ba a warkewa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, mafarauta da makiyaya ma suna kiwonsa. Kyanwa kuwa ana barinta ta shiga gida, har a zuba mata sauran tuwo, saboda tana maganin ɓeraye a rumbun gero.