Janairu ko Muharram: daga ina shekara take farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗiyata ta dawo daga makaranta tana tambayata me ya sa muke da sabuwar shekara biyu, kuma wace ce ta asali. Na rasa abin da zan ce mata. Daga wata uwa a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana ita. Ki gaya mata sun fi biyu nesa ba kusa ba, domin kowace al'umma tana ɗora farkon shekararta ne a kan abin da ya fi mata muhimmanci. Misirawan dā ambaliyar kogin Nilu suke jira. Mutanen Iran har gobe suna bikin Nauruz ranar 20 ko 21 ga Maris, sa'ad da tsawon dare da yini suka daidaita. A Habasha kuwa sai 11 ga Satumba, damina na ƙarewa.

Janairu ta Rumawa ce, su ma da Maris suke farawa a dā. Shaidar tana cikin sunayen watannin: Satumba na nufin na bakwai, Disamba na goma. A shekara ta 153 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne shugabanninsu suka koma kama aiki ranar 1 ga Janairu. Ingila kanta ba ta bi ba sai 1752, kafin nan 25 ga Maris take ƙirgawa. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 suka shigo mana da ita ofis da makaranta.

Tamu kuwa Sayyidina Umar (RA) ne ya tsayar da ita bayan shawara da sahabbai, aka fara ƙirge daga Hijira ta shekarar 622 Miladiyya. Abin da mutane da yawa ba su lura ba, a Rabi'ul Awwal Manzon Allah (SAW) ya isa Madina, amma aka zaɓi Muharram domin shi ke biyo bayan aikin Hajji. Kwanakinta 354 ne ko 355, shi ya sa take riskar mu wani lokaci da hunturu, wani lokaci tsakiyar damina, kuma sai mun ji sanarwar fadar Sarkin Musulmi.

Abin da ya fi damuna shi ne cika-ciki da ke neman ɓacewa. Ina yaro, kakata takan adana busasshen naman layya a rataye har goma ga Muharram, ta sauke shi ta yi miya mai yawa, a tuƙa tuwo tukunya biyu, a kai wa maƙwabta da almajirai. Ba a yarda kowa ya kwana da yunwa a daren nan ba. Washegari taubasai su yi ta tare juna a zaure ana neman kuɗin shara, ana dariya. Yanzu yaranmu da yawa ko sunan ba su sani ba.

Idan Muharram ya kama, Hajiya, ki ɗora tukunyar tare da ita, ki ɗora mata kwano ta kai gidan taubashinta.