Kasuwanci ne ko tarkon dala?

Ɗan uwa, ka ce an kira ka taro a wani gida a unguwar Zengo ta Damagaram, an ce ka zuba jika 300 (sefa dubu 300) ka sayi agogo da kwalbar maganin ƙarin ƙarfi, ka kawo mutum biyar, kuɗi su riƙa shigowa kowane wata. Kada ka zuba. Ka tambaye su abu guda: in ban kawo kowa ba, na sayar da kayan kawai, nawa zan samu? In suka fara kame-kame, suna nuna maka hoton wani da mota a waya, to kuɗin daga aljihun sababbin shiga yake fitowa, kayan rufa-ido ne. Lissafin ma ba ya tsayawa. Tsarin hawa-hawa ne kamar dalar gyaɗa: kowa ya kawo biyar, su ma kowa ya kawo biyar, a hawa na 11 ana neman mutum sama da miliyan 48, fiye da jama'ar Nijar kaf.

Ƙanen matata ya faɗa irin wannan bara, har babur ɗinsa ya sayar. Na ɗauki agogon da aka ba shi na zaga da shi kasuwar Dole, mai tebur guda bai taya ko jika 10 ba, ya juya shi a hannu ya ce irinsa cike da kwali. Da yaron ya nemi mayar da kayan sai aka ce ba a karɓa. Abin da ya fi ci masa rai, biyun da ya jawo abokan makarantarsa ne, yanzu ko gaisuwa ba sa amsawa. Wasu suna ce maka ai kamar adashi ne. Adashi kuwa ka san mutum nawa ne, ka san ranar kwasarka.