Ɗaliban jami'a sun zo tona kufan garinmu, mu bar su?

Tambaya: Malam, ni daga yankin Mani nake a jihar Katsina. Wasu ɗaliban jami'a da malaminsu sun zo wajen mai gari wai za su yi sati uku suna tono a tsohon kufai da ke bayan gonakinmu, dattawa na cewa zinare suke nema. Me suke so, kuma mu me za mu samu?

Amsa: Ɗan'uwa, dattawan nan ba su yi laifi ba da suka yi zargi, don ai kusa da ku ne Durɓi Takusheyi, inda Bature Palmer ya tona kaburburan sarakuna a 1907, aka sake tonawa a 1992 aka samu zinare da awarwaron hauren giwa da wuri da kwanon ƙarfe, har aka kai su Mainz a Jamus don gyara, kuma ɗaya daga cikin kaburburan ya kai ƙarni na 14. To wanda ya ji wannan labarin dole ya ɗaga kunne.

Amma abin da ɗaliban nan suka zo yi koyon aiki ne, irin wanda sashen akiyoloji (ilimin tona kayan tarihi a ƙasa) na ABU Zariya ke fita da ɗalibai. Za ka ga sun ja igiya sun auna ɗan rami kamar mita biyu, suna kankare ƙasa da cokalin magini a hankali a hankali, suna tankaɗe ta da rariya, wallahi wani lokacin yini guda ba su wuce tsawon yatsa ba. Tsingaro suke nema, da kashin maƙera, da ƙasusuwan dabbobi, da gawayi. Gawayin nan ma ya fi musu zinare amfani, don shi ake kaiwa gwajin kabon a gane shekarun wurin, kuma sai an same shi a inda yake kwance, shi ya sa masu tonon dare ke ɓata mana tarihi gaba ɗaya.

Ni a ganina ku bar su, amma kar ku koma 'yan kallo. Ku fara tambayar takardar izini daga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, dokar 1979 ta hana tono babu ita. Sannan ku zauna gaban mai gari a yi magana a fili, ina ne maƙabarta ba a taɓawa, wa zai biya wanda aka shiga gonarsa, wane gidan tarihi za a ajiye kayan, kuma a ɗauki samarinku aiki a koya musu ba ɗaukar ƙasa kawai ba. Ku kai su wajen tsofaffi da mata masu ginin tukwane, na sha ganin tsohuwa ta juya tsingaro a hannu ta ce wannan bakin tulu ne, wannan kuma zanen tabarma ne aka danna, alhali mu masu aikin tonon muna ta muhawara a kai.

Kafin su tafi ku nemi a shimfiɗa abin da aka samu a firamare yara su gani su taɓa, a cike ramukan, kuma a bar muku kwafin rahoto da Hausa a hannun mai gari.