Ana iya mayar da injin matsi na hannu ya koma aiki da ƙarfin mai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni makanike ne a Tahoua, kuma ina da ƙaramin injin matsi na hannu da nake saka rulma (zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ke sauƙaƙa juyawar sanda) da cire ta da shi. Na ga bidiyon wani Ba'amurke da ya ɗaura silindar haidirolik, wato wadda matsin mai ke turawa, a kan injin da suke sake cika kwanson harsashi da shi, har ya daina jan mariƙi da hannu. Shin wannan dabara tana da kyau, kuma zan iya yi wa nawa injin haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Abin da ka gani ba ƙarya ba ne. A Amurka doka ta yarda mafarauta da masu wasan harbi su sake cika kwanson da suka harba, kuma kamfanoni irin su RCBS da Lee da Dillon suna ƙera musu injunan wannan aiki, yayin da kamfanin MEC ya taɓa fitar da samfurin da ke aiki da ƙarfin mai tun daga masana'anta. A Nijar lamarin dabam yake, domin haɗa harsashi ko mallakarsa ba tare da izinin hukuma ba laifi ne, kuma tun 1994 akwai hukumar CNCCAI mai aikin tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka zan taɓo wancan injin ne kawai gwargwadon darasin da ke cikinsa ga garejinka.

Darasin shi ne hannu ba ƙarfi kaɗai yake bayarwa ba, yana kuma ji. Mai jan mariƙi, da zarar kwanso ya karkace ko wani abu ya cije, tafin hannunsa ne zai fara sanar da shi, sai ya tsaya. Silinda ba ta san wannan ba, turawa kawai take yi har sai abin da ke gabanta ya wuce ko ya fashe. A aikin da ake yi kusa da albarushi wannan haɗari ne babba, shi ya sa injunan da aka ƙera don haka suke zuwa da abin da ke iyakance ƙarfinsu, kuma shi ya sa ba na ganin hikima a ɗaura silinda a gida kan injin da aka auna jikinsa da ƙarfin damtse. Kai ma ka san wannan ji, ko da ba ka taɓa ba shi suna ba: shi ne ke gaya maka rulma ta shiga a karkace tun kafin ta ɓata mazauninta.

Bari mu yi lissafi, don a nan ne mutane suke yaudarar kansu. Ƙa'idar da Blaise Pascal na Faransa ya bayyana a ƙarni na 17, wadda Joseph Bramah ya gina injin matsi a kanta a Ingila a 1795, ita ce ƙarfin da silinda ke fitarwa daidai yake da matsin mai sau faɗin fuskar fistan. Fistan mai kaurin santimita 5 yana da fuska kusan murabba'in santimita 20. Idan famfo ya ba shi matsin bar 100 (bar shi ne ma'aunin matsi), zai tura da ƙarfin kusan tan 2. Idan matsin ya kai bar 200, wanda ƙaramin famfo ma yana kaiwa, ƙarfin ya zama tan 4. To duba jikin injinka ka ga abin da aka rubuta. Yawancin ƙananan injunan hannu tan 1 ne zuwa 3, kuma jikinsu ƙarfen zubi ne, wanda ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi kamar ƙarfen gini, sai dai ya tsage farat ɗaya ya watso gutsattsari.

Shawarata ita ce ka bar injin hannun yadda yake don ƙananan ayyuka, ka ƙera wani dabam. A sami mai walda da ya iya aikinsa ya haɗa maka firam mai ƙafa biyu da ƙarfe mai kauri, a saka teburin da ake ɗagawa da saukewa a kan manyan sanduna, sannan a ɗora jak na mota, wanda muke kira kirik, mai tan 10 ko 20, tare da sifirin biyu da za su riƙa mayar da shi sama. Wannan ya fi sauƙin kuɗi, ba ya jiran wutar lantarki, kuma da yake da hannu kake buga shi, wani abu na wancan ji yana nan. Firam ɗin ya zama ya fi jak ɗin ƙarfi, ba akasin haka ba.

Idan kuwa ka nace sai famfo mai aiki da inji, kada ka kunna shi sai da bawul mai sakin mai idan matsi ya wuce iyaka, a saita shi ƙasa da abin da firam zai ɗauka, da agogon awon matsi a inda idonka ke gani, da mariƙin da ke tsayar da silinda da zarar ka sake shi. Silindar kuma ta tsaya daidai bisa tsakiyar abin da ake matsawa, domin 'yar karkata kaɗan tana iya harbo rulma kamar dutsen majajjawa.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40 a Tahoua, yana tsinka mai, don haka mai lamba 46 ko 68, da yake ya fi kauri, ya fi dacewa da famfo a kan mai lamba 32, ƙurar hunturu kuma tana cin robobin silinda idan ba a goge sandar ana rufe ta ba. Kada a zuba man birki a jak, yana lalata robobinsa. Kuma idan tiyo ya fara yoyo, kada ka laluba da yatsa kana neman hujin, domin mai a irin wannan matsi yana huda fata ya shige cikin nama, raunin da ake gani ƙarami amma sai an yi tiyata cikin gaggawa. Ka kashe famfo, ka sauke matsin, sannan ka nemi hujin da guntun kwali.