Amsa ga mai tambaya kan bikin Oktoberfest na Munich, ga wanda ba ya shan giya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ba ka daɗe da fara aiki a Jamus ba, abokan aikinka sun kama tebur a bikin Oktoberfest na birnin Munich sun sa sunanka, kai kuma ba ka shan giya, ba ka cin alade, kana son ka san yadda wurin yake kafin ka ce eh ko a'a, da kuma yadda za ka shirya idan za ka.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne, wurin nan biki biyu ne a fili ɗaya. Akwai filin kansa, wanda ake kira Theresienwiese, 'yan gari kuma su ce Wiesn kawai: lilo iri-iri, masu sayar da gasasshen kifi, alawa, kayan tsaraba, iyaye da yaransu. Sannan akwai manyan rumfunan giya 14 da ƙanana kusan 20, inda mafi girmansu ke ɗaukar mutum har kusan 10,000 idan an haɗa da kujerun waje. Wanda ya je ranar Talata da hantsi ya zagaya fili, da wanda ya shiga rumfa ranar Asabar da ƙarfe 9 na dare, idan suka ba ka labari sai ka rantse ba wuri ɗaya suka je ba. Don haka tambayar farko da za ka yi wa abokan aikin naka ita ce: wace rana, ƙarfe nawa, wace rumfa? Teburin rana a tsakiyar mako cin abinci ne da hira da kiɗan gargajiya a hankali. Teburin yamma kuwa, daga wajen ƙarfe 6 zuwa sama, mutane na hawa kan benci suna waƙa, giya na zubewa a kan tufafin na kusa, ba ka jin maganar wanda ke gefenka.

Maganar zama a teburin da ake shan giya, ka san malamai da yawa sun hana ko da mutum ba ya sha, kuma wannan hukunci ne da kai za ka yanke tun kana gida, ba bayan ka zauna an kewaye ka ba. Idan ka ga ba za ka zauna ba, kada ka ji nauyi. Ka ce musu za ka zo ku zagaya fili tare na awa ɗaya ko biyu kafin su shiga, ku hau lilo, ku ɗauki hoto, sannan ka yi sallama. Bajamushe yana girmama wanda ya faɗi matsayinsa a sarari tun da wuri. Abin da ba ya so shi ne ka amsa, a biya maka kuɗin kujera, ranar ta zo ka ɓace. Domin kama tebur ɗin kansa kyauta ne, amma sai an sayi takardun abinci da abin sha na kowane mutum tun kafin lokaci, galibi kofin giya biyu da rabin kaza, kuma tebur na mutum 8 zuwa 10 ne. Kujerarka kuɗi ce da wani ya riga ya fitar.

Yanzu abin sha, wanda a nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami ba da saninsu ba. Kofin giyar ana kiransa Maß, lita ɗaya cur, gilashin kaɗai ya haura kilo ɗaya. Giyar bikin ta fi ta kullum ƙarfi, kusan kashi 6 cikin ɗari, shi ya sa za ka ga ƙatti sun zube tun la'asar ba ta yi ba. Wani zai ce maka cikin kyakkyawar niyya, "To sha Radler mana, lemo ne." Kada ka karɓa. Radler rabi giya ne rabi lemo. Haka ma Russ, giyar alkama ce aka gauraya da lemo. Wadda aka rubuta wa alkoholfrei kuma, wato marar barasa, a ƙa'idar Jamus tana iya ɗauke da barasa har kashi 0.5 cikin ɗari, ga shi a kofi iri ɗaya ake kawo ta da ta gasken, launi ɗaya, kumfa ɗaya. A teburin da kofuna goma ke yawo, ana ɗagawa ana ajiyewa, musanya kofi ba wuya. Ni shawarata ka guje ta gaba ɗaya. Ka nemi Spezi, wato kola da aka haɗa da lemon zaƙi, baƙi ne ba mai rikita shi da giya. Ko Apfelschorle, ruwan tuffa da ruwan gas, amma shi launinsa na kama da na giya, sai ka riƙe kofinka. Ko ruwa zalla. Kada ka yi zaton za su yi arha: a 2024 kofin giya ya kama daga Yuro 13.60 zuwa 15.30, litar ruwa ko lemo a rumfa ma ta haura Yuro 10. Takardar abin sha da aka saya maka, a yawancin rumfuna za ka iya karɓar lemo da ita, ka gaya wa mai kawo abinci tun farko. A waje kuma tun 2023 an kafa famfunan ruwan sha kyauta a cikin fili, sai ka zo da 'yar gorar roba. Ta gilashi ba za a bar ka ka shiga da ita ba.

Makaɗa na tsayawa lokaci-lokaci su kira kowa ya ɗaga kofi a gaisa. Ba wanda zai leƙa abin da ke cikin naka. Idan wani ya matsa, "Ich trinke keinen Alkohol", wato "ba na shan barasa", ta wadatar, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Abinci. Schweinshaxe ƙafar alade ce, Schweinsbraten gasasshen alade. Duk abin da ya ƙare da Wurst ka ɗauka akwai alade a ciki, har da farar nan Weißwurst da za a ce maka ta ɗan maraƙi ce, kitsen alade ake haɗa ta da shi. Speck da Schinken ma alade ne, kuma ana barbaɗa su a dankali da kabeji ba tare da an rubuta da manyan baƙi ba. Rabin kazar nan da ake kira Hendl, wadda ita ce abincin bikin, ba yankan Musulunci ba ce, haka naman sa na rumfar Ochsenbraterei, kuma miyar da ake zuba wa gasasshen nama sau da yawa da giya ake dafa ta. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne Steckerlfisch: kifi ne sukutum a soke a sanda, a jera sandunan a karkace bisa dogon layin garwashi, fatar ta yi ƙayau, a naɗe maka a takarda. Rumfar Fischer-Vroni ce ta yi suna da shi, tun daga nesa hayaƙin zai kira ka. Ka haɗa da babban burodin nan mai gishiri, Brezn, ka ƙoshi. Käsespätzle taliya ce da cuku da soyayyar albasa, ka ce "ohne Speck", wato ban da Speck. Cukun Obatzda wasu na ɗiga masa giya, Kaiserschmarrn kuma wasu na jiƙa busasshen inabinsa a barasa, duka biyun sai ka tambaya. Soyayyen almon mai sukari da ake sayarwa a mazubin takarda ba shi da matsala.

Mafi sauƙi duka, ka ci ka ƙoshi kafin ka shiga. Titunan da ke kudu da babbar tashar jirgin ƙasa, Goethestraße da Landwehrstraße da Schwanthalerstraße, cike suke da gidajen abincin Turkawa da Larabawa da 'yan Afghanistan masu sayar da halal, kuma a kan hanyarka suke. Daga tashar zuwa fili tafiyar minti 15 ce a ƙafa.

Sallah ma ka tsara ta tun daga gida. A ƙarshen Satumba azahar na shiga bayan ƙarfe 1 da 'yan mintuna, rana kuma na faɗuwa wajen ƙarfe 7. A cikin fili ba za ka sami wuri mai tsarki da natsuwa ba, ban-ɗakunan kyauta ne amma layi da cunkoso ba za su bar ka ka yi alwala yadda ya kamata ba. Shi ya sa shiga da ƙarfe 10 na safe a fita kafin azahar ta yi nisa ya fi dacewa da mu ta kowace fuska.

Jaka kuwa, mutane da yawa an mayar da su daga bakin ƙofa saboda ita. Tun 2016 aka kewaye filin da shinge aka hana shiga da jakar baya. Abin da aka yarda shi ne 'yar jaka da ba ta wuce lita 3 ba, wato santimita 20 da 15 da 10. Wadda ta fi haka sai ka kai ma'ajiya a kusa da ƙofa ka biya, ka bi layi sau biyu. Wuƙa ko da ƙarama ce, bar ta gida. Ka zo da katin zamanka na ƙasa, waya, da tsabar kuɗi, domin ba ko'ina ake karɓar kati ba kuma na'urorin cire kuɗi na cikin fili akwai layi da caji. Walat a aljihun gaba. Shiga filin da rumfuna kyauta ne, duk wanda ya tare ka yana sayar da tikitin shiga ɗan damfara ne. Sashe ɗaya ne ake biya, Oide Wiesn, Yuro 4, inda aka ajiye tsofaffin lilo da kiɗa da rawar gargajiyar Bavariya, jihar da Munich take, kuma nan ne ya fi natsuwa ga mai iyali.

Ana buɗe bikin daga Asabar ta farko bayan 15 ga Satumba zuwa Lahadin farko ta Oktoba, ko 3 ga Oktoba idan ita ce ta zo daga baya, kwana 16 zuwa 18. Mutum miliyan 6 zuwa 7 ke zuwa, a 2023 an ƙirga miliyan 7.2. Ranar buɗewa ba a sayar da giya sai ƙarfe 12 na rana, bayan magajin gari ya fasa gangar farko a rumfar Schottenhamel. Ka guji Asabar duka, da ƙarshen mako na tsakiya da baƙi daga Italiya ke cika gari, da hutun 3 ga Oktoba. A irin waɗannan ranaku ana rufe ƙofofin rumfa tun da rana idan ta cika, kuma wanda ya fita shan iska ba lalle a bar shi ya koma ba. Idan kana son ka ga abin da ya cancanci a gani, Lahadin farko ce: jerin gwanon masu kayan gargajiya da maharba, mutum kusan 9,000 da dawakai da makaɗa suna ratsa gari na tsawon kilomita 7, kamar hawan daba. Asalin bikin ma daga nan yake, ɗaurin auren Yarima Ludwig da Gimbiya Therese a Oktoban 1810, wanda aka rufe da sukuwar dawaki a wannan fili da ya ci sunanta.

Ba dole ba ne ka sayi kayan gargajiyarsu, gajeren wandon fata na maza ko rigar mata ta Dirndl. Kayanka na kullum sun isa, mai hijabi ma ba mai hana ta. Takalmi dai ya zama rufaffe wanda ba ka jin takaicin ya ɓaci, don ƙasa akwai fasasshen gilashi da danshi. Ka riƙe rigar sanyi mara nauyi, rana na iya yin zafi amma da ta faɗi sanyi ke saukowa, ruwan sama kuma ba ya sallama.

Idan da iyali za ka, Talata ce ranar iyali, ana rage kuɗin lilo. Ba a shiga da keken jariri ranar Asabar da 3 ga Oktoba, sauran ranaku kuma sai kafin ƙarfe 6 na yamma. Yaro ɗan ƙasa da shekara 6 dole ya bar rumfa da ƙarfe 8 na dare. Ka rubuta lambar wayarka ka sa masa a aljihu ko a hannu. Babban lilon da ke juyawa sama, mai tsawon mita 50, daga ƙolinsa za ku ga filin duka, ran da gari ya washe har duwatsun Alps.

Cibiyar agaji na bayan rumfar Schottenhamel, kusa da gunkin Bavaria: 'yan sanda, ɗakin jinya, ofishin kayan da suka ɓata, da keɓaɓɓen wuri na mata da 'yan mata da aka takura wa ko suka rabu da abokan tafiya. Lambar gaggawa 112, ta 'yan sanda 110. Tudun ciyawar da ke bayan rumfuna kada ka zauna a kai, nan bugaggu ke kwanciya suna amai, ɓarayi kuma na bin su. Idan bugagge ya gaya maka baƙar magana kan launinka ko ya taɓa ka, kada ka biye masa, kofin nan mai nauyi ya sha fasa kan mutane. Ka matsa, ka kira masu tsaron rumfa, ba sa wasa da wannan. Kada kuma wani ya ba ka kofi ka riƙe masa zuwa waje a matsayin tsaraba, sata ce a doka, ana duba mutane a ƙofa.

Kada ka zo da mota. Jiragen ƙarƙashin ƙasa U4 da U5 na tsayawa a Theresienwiese, amma tashar kan toshe har a riƙa tsare mutane a matakala. Ka wuce ta da tasha ɗaya ka sauka a Schwanthalerhöhe, ko ka bi U3 ko U6 zuwa Goetheplatz ko Poccistraße ka taka minti goma. Daga wani garin Bavariya, tikitin jirgi na Bayern-Ticket na ɗaukar har mutum 5 a jiragen yanki da na cikin gari, amma a ranakun aiki sai daga ƙarfe 9 na safe yake fara aiki, kuma ba a hawa jirgin ƙasa mai gudu na ICE da shi. Kuɗin otal a Munich kan ninka a wannan lokaci, kwana a Augsburg ko Freising ya fi sauƙi. Ku tsayar da wurin haɗuwa tun kafin ku shiga, wuri takamaimai kamar ƙasan matakalar gunkin Bavaria, don waya kan ƙi shiga idan mutane sun yi yawa. Ana daina kawo giya a yawancin manyan rumfuna da ƙarfe 10:30 na dare, a rufe 11:30, to a wannan awa ɗaya ne dubban bugaggu ke kwarara zuwa tashoshi lokaci guda. Ko da teburin yamma ka amsa, ka duba jirginka na komawa tun da rana, ka tashi kafin ƙarfe 9.