Tambaya da Amsa: Wace Doka Ce Ta Hau Kan Ajin WhatsApp da Littafin Waya?

Daga wata malama a Pantami, Gombe: Ina koyar da haɗa sabulun ruwa da man shafawa a ajin WhatsApp, ina kuma sayar da darussan a PDF. Wata ɗalibata ta ce wai sai na samo lambar NAFDAC. Gaskiya ne? Kuma in wata ta ƙone wajen haɗawa, ni za a kama?

Malama, NAFDAC ba ta ba darasi lamba. Hurumin ta shi ne abin da ake ci ko sha ko shafawa: abinci, magani, kayan kwalliya, sinadarai, ruwan leda. Ita kuwa hukumar SON tana duba ingancin kaya irin su siminti, rodi da wayar wuta. Amma ranar da kika ɗura sabulun a jarka, kika manna masa suna, kika kai shi kasuwa, to kin shigo hannun NAFDAC. Haka ma ɗalibarki, kuma ya kamata ki gaya mata tun a aji.

Dokar da ta hau kanki yanzu ita ce ta Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Ta shafi kaya da hidima, koyarwa a kan kuɗi kuwa hidima ce. Sashe na 130 ya ba mai biya haƙƙin a yi masa aikin a kan lokaci, da ingancin da mutane suka saba tsammani. In aka gaza, a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Sashe na 125 ya hana bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa. Kalmar "mai ɗin nan yana kashe ƙuraje cikin kwana uku", in ba ki da hujja, nan ta faɗa.

Batun ƙuna ya fi faɗi. A Ostiriya wata jarida ta buga shawarar maganin gargajiya: a goga wata saiwa mai yaji, a ɗaura a inda ke ciwo na awa biyu zuwa biyar. Ashe minti biyu zuwa biyar ne daidai. Wata mata ta bi shawarar, fatarta ta ƙone. A 2021 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa shawara mai kuskure ba ta mayar da jarida gurɓataccen kaya ba, wanda za a sa mai shi biyan diyya ko da bai yi sakaci ba, amma ba ta toshe wasu hanyoyin ƙara ba. A nan gida ƙarar sakaci ce hanyar: ke kika ce kin iya, aka biya ki, aka dogara da maganarki. Rubuta "mai aji ba ta da alhaki" a ƙarshen shafi ba garkuwa ba ce in sakacin ya fito fili.

Saboda haka ki koma kan darasin nan. A rubuta awo da giram da lita, a daina "gwangwani ɗaya", domin gwangwanin madara daban, na tumatir daban. Sodar haɗa sabulu (caustic soda) ita ake zubawa cikin ruwa a hankali. In aka zuba ruwa a kan soda, zafi na tashi nan take ya yi tsartuwa a fuska. A jiƙa ta a roba mai kauri, ban da tukunyar alminiyum, don soda na cin ta, tana fitar da iska mai kama wuta. Safar hannu da tabarau dole ne. In ta taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa na minti ashirin, sannan asibiti. Ba a haɗa bilic da abin wanke masai mai asid, iskar da ke fitowa tana shaƙe mutum. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ajiye ruwan soda a gorar ruwa ko ta lemo: fari ne tas, yaro ya ɗauka ya kurɓa, maƙogwaro ya ƙone ya tsuke, sai tiyata. Ki sa wannan gargaɗi a saman darasin, ki maimaita shi da murya, don ba kowace ɗaliba ke karanta PDF ba. Matse ƴan tuf-tuf na maganin fata irin clobetasol cikin man shafawa kuwa, ki cire shi daga manhajarki. Magani ne, yana sa fata ta yi sirara ta riƙa tsagewa.

Daga wani matashi a Jekadafari: Na biya naira dubu ashirin da biyar don shiga ajin kirifto, wato kuɗin intanet, a Telegram. An yi alkawarin mako shida, satifiket da riba tabbas. Bidiyo huɗu aka turo, duk suna nan kyauta a YouTube. Na nemi kuɗina, ya ce ba a mayarwa.

Malam, "ba a mayar da kuɗi" ba doka ba ce, magana ce ta mai aji. A 2022 wata babbar kotu a Inugu ta yanke cewa irin wannan ƙa'ida ta wani kamfanin sufuri ta saɓa wa dokar 2018.

Fara da tara hujja tun kafin ya cire ka daga zauren: hoton tallar da alkawuranta, rasit ɗin turin kuɗi mai ɗauke da sunan asusun, da hirarku duka. Sai ka rubuto masa a taƙaice abin da aka yi alkawari, abin da ka samu, nawa kake nema, da wa'adin mako guda. In ya yi biris, ka shigar da koke a shafin intanet na FCCPC, ba a biyan ko kwabo. In ku goma ne abin ya shafa, ku haɗa kokenku, ya fi nauyi. Kada ka sa rai da banki sosai, kuɗin da ka tura da hannunka ba ya dawowa don kawai ka yi nadama.

Ka bambanta aji maras kyau da zamba. Wanda ya karɓi kuɗi da niyyar gudu, nasa na ƴan sanda ne ko EFCC, wadda ke da ofishi a nan Gombe. In kuma ya fara cewa "kawo jari in juya maka", ya bar koyarwa ya shiga hurumin SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu adashen ƙarya. Satifiket ɗin ma, ko ya ba ka, takardar halarta ce kawai. Digiri da difloma sai daga makarantar da hukumar kula da jami'o'i (NUC) ko ta ilimin fasaha (NBTE) ta amince da ita.

Daga wata marubuciya a Kumo: Ina da masu sayen littattafaina a Jamus da Ingila. An ce akwai sabuwar dokar Turai da za ta hana ni.

Hajiya, dokar da ake nufi ita ce GPSR, dokar kare jama'a daga kaya masu haɗari, ta fara aiki ranar 13 ga Disamba, 2024. Ta ce duk kayan da za a sayar wa jama'a a Tarayyar Turai su kasance marasa haɗari, da suna da adireshin mai su, da wani wakili mazaunin can da za a tuhuma. Hukumar Tarayyar ta bayyana cewa har da kayan da ake saukewa ta intanet, hidima zalla ce ba ta ciki. Jamus na cikin Tarayyar. Ingila ta fita daga Tarayyar tun 2020, tana bin nata dokokin. Bugaggen littafi da kike tallatawa ga mutanen can babu shakka ya shiga. Ga na waya, ki sa cikakken sunanki da hanyar tuntuɓarki a shafin farko, ki bi abin da dandalin da kike sayarwa ya nema.

Abin da zai fi taɓa aljihunki daban ne. Mai saye a can yana da kwana 14 na fasa ciniki, sai fa in kafin ya sauke littafin ya amince a fili cewa haƙƙin ya faɗi. Ki tanadi wurin da zai danna ya amince, ki aika masa shaidar hakan. Dokar Ingila ta 2015 kuma ta ce in fayil ɗinki ya lalata wayar mai saye saboda rashin kulawarki, gyara ko diyya na kanki. Don haka ki fitar da PDF ɗin daga kwamfutarki, ki buɗe shi a wayoyi biyu ko uku kafin ki saka shi kasuwa.