Ku Tambayi Mai Hoto: Filtar infared ta mayar mini da duniya jawur

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wasu hotuna a intanet, ganyen bishiya fari fat, sararin sama kuma baƙi, aka ce da hasken infared aka ɗauke su. Na yi odar filta Hoya R72 mai faɗin milimita 52, na ɗaura wa lens 18-55 na Nikon D3200 ɗina. Da na leƙa ban ga komai ba sai duhu. Na daure na danna, hoton ya fito jawur kamar an tsoma shi a manja, ga shi dishi-dishi. Jabu aka sayar mini, ko kyamarar ce ba ta iyawa? Daga mai karatu a Unguwar Rimi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, ba ka yi asarar kuɗinka ba. Duhun da ka gani da jan da ya fito su ne ma shaidar filtar tana aikinta. Sai dai wannan hoton dokarsa daban ce da ta hoton biki da suna, kuma kusan duk abin da hannunka ya saba da shi sai ka juya shi.

Idon ɗan Adam yana kama haske daga wajen nanomita 400 zuwa 700 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne), wato daga shunayya zuwa ja. Gaba da ja akwai sauran haske, shi ake kira infared, mu ne ba ma ganinsa. William Herschel ya gano shi a Ingila a 1800, lokacin da ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da inda ja ya ƙare, wurin da babu launi ko kaɗan, sai ya ga ma'aunin ya hau. Lambar 72 da ke jikin filtarka tana nufin nanomita 720. Kusan duk abin da ke ƙasa da haka tana tare shi, na sama ne kawai ke wucewa, shi ya sa idonka ya gan ta baƙa.

Sensar kyamara, wato abin da ke kama hoton a cikinta, tana jin haske har wajen nanomita 1,100, amma masu ƙera ta sun sa wani siririn gilashi a gabanta don ya tare infared, saboda in ya shiga yana ɓata launin hoton yau da kullum. Ka ga ke nan masu gadi biyu ka tsayar a ƙofa ɗaya: na waje ya hana hasken da ido ke gani, na ciki ya hana wanda ido ba ya gani. Ɗan abin da ya sulale tsakaninsu, da shi za ka yi hoto, kuma tara shi sai da lokaci. In kana son shaida, shiga ɗaki mai duhu, ka kunna allon bayan kyamara ba filta, ka fuskanto ta da rimot ɗin talabijin ka danna. In ɗan ƙwan bakinsa ya ƙyafta a allon, hasken yana isa ciki.

Bari in ba ka labarin ranar da na fara samun hoton da raina ya kwanta da shi, domin duk matakan suna cikinsa. Watan Satumba ne, a Gamji, bakin Kogin Kaduna, ba nisa da tsohuwar gadar ƙarfen nan ta Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. An yi ruwa da asuba, gari ya washe, wajen sha biyu da rabi rana ta take tsaka. Wannan ne lokacin da mai hoton biki ke jan amarya zuwa inuwa. A infared kuwa ita wannan ranar ake nema.

Na kafa ƙafa uku, wato abin ɗora kyamara, na danna ta sosai cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, na kashe VR, wato abin da ke rage girgizar hannu a lens, tunda kyamara a zaune take. Filta tana aljihu na tsara hoton: wani babban mangwaro a hagu, kogi a tsakiya, gajimare sun taru ta ƙetare. Na saita fokos, na mayar da lens kan M, wato saitin fokos da hannu, sannan na murɗa filtar a hankali. Ka kula a nan, wasu 18-55 ɗin bakinsu yana juyawa tare da fokos, in ka murɗa da ƙarfi ka ɓata saitin ba ka sani ba.

Dishi-dishin da ka gani dalilinsa biyu ne. Na farko hannu, domin babu hannun da zai riƙe kyamara daƙiƙa goma ba motsi. Na biyu kuma, infared ba ya haɗuwa daidai inda hasken yau da kullum ke haɗuwa bayan ya ratsa gilashi. Tsofaffin lens suna da ɗan jan ɗigo a jiki da ke nuna inda za ka matsar da fokos. Naka ba shi da shi, saboda haka ka murɗa kaɗan ƙwarai zuwa ɓangaren kusa, ka ɗauka, ka zuƙo hoton a allo ka duba ganye, ka ƙara ko ka rage. Ni nakan fara da ƙofar haske f/8, ISO 400 (ƙarfin jin hasken sensa), daƙiƙa 15, da jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsa ya girgiza kyamara. Daga nan sai in hau ko in sauka, wani lokaci har daƙiƙa 30.

Hotuna biyun farko sun fito da wani fari-fari a gefe kamar hayaƙi. Rana ce a bayana take shiga ta tagar leƙe. Na cire hulata na kifa a kan tagar, na uku ya fito tsab. Akwai ɗan murfin roba da ke zuwa cikin kwalin kyamara saboda wannan aikin, in naka yana nan ka yi amfani da shi.

Maganin jan kuwa saitin fari ne. Filta tana ɗaure, ka fuskanci koriyar ciyawa da rana ke duka, ka cika hoton da ita, ka gaya wa kyamara ta ɗauki wannan a matsayin fari. Wasu kyamarorin sukan ƙi karɓa sau ɗaya ko biyu, don haka kullum ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, abin da ya gagara a fili ka ƙarasa shi a kwamfuta. Da na yi wannan na sake dannawa, na jira, allon ya haska, sai da na daɗe ina kallo. Mangwaron ya zama fari ƙal kamar audugar da ta fashe a gona. Kogin ya koma baƙi wuluk kamar tawadar allo, sumul, duk tambal-tambal ɗin ruwan damina ya kwanta. Wani kwalekwale ya gifta a cikin daƙiƙoƙin nan, bai bar komai ba sai ɗan siririn zane kamar an ja alli an goge. Wani dattijo da ke zaune yana gyaran koma ya taso ya leƙa, ya tambaye ni wace ƙasa ce wannan, alhali bishiyar tana gabansa.

Farin ganyen yana da dalili. Koren da ke cikin ganye ba ya shanye infared, hasken yana ratsa shi ya tarar da ƙwayoyin ciki da iskar da ke tsakaninsu, su mayar da shi waje. Ganye mai lafiya ya fi mayarwa, kuma da wannan ne tauraron ɗan Adam ke gane gonar da ta yi kyau da wadda ke shan wahala. Robert Wood na Amurka ya wallafa irin waɗannan hotuna tun 1910, har yau da sunansa ake kiran farin ganyen. Sararin sama yana yin duhu ne saboda iska tana watsa shuɗi sosai amma ba ta cika watsa infared ba, ruwa kuma shanye shi yake yi.

Shi ya sa nake ce wa mutanen Kaduna damina ce kakar wannan hoto, musamman daga Agusta zuwa farkon Oktoba. A hunturu ƙura ta mayar da sama fari-fari, babu gajimare, ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, ga iska tana kaɗa darbejiya har ganyen ya cakuɗe a hoto. In ka ga wani farin da'ira a tsakiyar hotonka, halin wasu lens ne, kuma yana ƙaruwa in ka matse ƙofar haske zuwa f/16, sai ka buɗe ta. In kana son sama shuɗi da ganye fari, ka shiga Channel Mixer, wato wurin haɗa launuka, a manhajar gyaran hoto ta Photoshop ko GIMP, wanda kyauta ne, ka musanya ja da shuɗi. Ni dai baƙi da fari ya fi kwanta mini.

Don Allah kada ka kalli rana ta cikin filtar nan. Ido yana ganin duhu sai ya buɗe, infared kuma yana shiga, ba za ka ji komai ba sai ɓarna ta auku. Sannan garinmu garin sojoji ne, kada ka kafa ƙafa uku kusa da bariki ko ginin gwamnati ba izini.

Tambaya: Malam, ni hoton biki nake ɗauka. Zan iya yi wa amarya irin wannan? Daga wata 'yar'uwa a Barnawa.

Amsa: Malama, da filta kaɗai zai yi wuya, domin babu amaryar da za ta tsaya daƙiƙa 15 ko ƙyafta ido ba ta yi ba. Masu wannan aikin kyamara guda suke warewa, a cire gilashin da ke gaban sensa a sa na infared, sai ta riƙa ɗauka a hannu cikin sauri. Amma daga ranar ta daina hoton launi na yau da kullum, saboda haka tsohuwa ake ba wa, irin su Nikon D70 ta 2004, ba wadda kike cin abinci da ita ba. Aikin gwani ne kuma, akwai wuta a ma'ajiyar filasha da ke iya jan mutum ko an cire batir. Ki kuma sani fata tana fitowa sumul da haske, ido ya yi duhu sosai, wani baƙin yadi ya koma toka-toka. Ki gwada da ƙawarki ki nuna wa amarya tukuna, kada ta fara gani a albam.

Tambaya: Ina da gidan kaji a Rigachikun. Filtar nan za ta nuna mini ɓarawo da dare? Daga wani Alhaji.

Amsa: Ranka ya daɗe, ba za ta nuna ba. Ita hasken rana take jira, da dare duhu kawai za ta ƙara maka. Kyamarar da ke ganin ɗumin jiki wata aba ce daban, tana aiki tsakanin nanomita 8,000 da 14,000, kuma gilashin lens ɗinmu ba ya barin wannan ya wuce. Abin da zai yi maka shi ne kyamarar tsaro mai ƙananan ƙwayaye kewaye da idonta. Su ne ke haska wurin da infared, yawanci nanomita 850, shi ya sa ake ganin ɗan ja-ja a fuskarta da dare. Ka tambayi mai sayarwa mita nawa haskenta ke kaiwa, ka auna da tsawon katangarka kafin ka biya.